Manhajar tikiti cikin kwana 12: abin da na gani a hannun yaran Ayeduase

Tun ranar da muka gama walimarmu ta bayan Babbar Sallah wayata ba ta huta ba. Masu shirya gasar ƙwallo a Asawase sun kira, wata ƙungiyar mata a Sawaba ta aiko, har wani ɗan'uwa daga Nima ya turo saƙon murya. Tambayar duk ɗaya ce: su wa suka yi muku abin tikitin nan na waya, nawa kuka biya, kuma kina ba mu shawara mu je wurinsu? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina tsaka da ciniki, shi ya sa na zauna na rubuta komai, da mai daɗin da marar daɗin. Ba zan sa sunansu a nan ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, su kuwa yara ne masu tasowa. Mai son ya san su ya same ni a shago.

Ni ke riƙe da jakar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Islamiyyarmu da ke Aboabo a nan Kumasi, ƙasar Ghana, shekara shida ke nan. Sana'ata sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. Kowace shekara mukan yi walima, a sayi tikiti, a ci a sha, yara su yi karatu, malamai su yi nasiha, abin da ya saura bayan an fitar da kuɗin rumfa da kujeru da abinci ya tafi gyaran makaranta. Bara mun buga tikiti 350 a Asafo, takarda mai kauri da lamba da hatimi, kowanne sidi 80. Mai buga mana bai yi laifin komai ba. Wani ne ya sayi 'yan ƙalilan, ya kai aka yi masa kwafi mai launi, ya riƙa sayarwa rabin kuɗi. Da daddare na zazzage guntayen da aka yaga a ƙofa a kan tabarma, na ƙirga, na samu 418. Lamba 127 kaɗai ta shigo sau tara. Shinkafa ta ƙare ba a kai layin baya ba, kuma waɗanda ke layin bayan nan yawancinsu iyayenmu mata ne da suka biya kuɗinsu cif. Ba wanda ya faɗa mini magana a fuska, amma mai riƙe da jaka ta san irin kallon da ake yi mata idan lissafi bai hau ba. Na yi mako ban yi barcin kirki ba.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST, wadda muke ce wa Tech, shi ne ya fara kawo maganar. Ya ce, "Inna, akwai wasu da suka gama makarantarmu, suna da ɗan ofis a Ayeduase, irin wannan aikin suke yi." Na kai maganar gaban kwamiti tun bayan Ƙaramar Sallah, aka yi ta ja, wannan ya ce tsada, wancan ya ce tsofaffi ba za su iya ba. Sai da aka kusa ganin watan Zulhajji aka ce to, a je. Ranar da na hau trotro, motar hayarmu, zuwa Tech Junction saura kwana 26 a yi walima, kuma ina son a samu mako biyu cur ana sayar da tikiti. Wato kwana 12 ke hannunsu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebura biyu, fanka, da farin allo a bango. Su uku ne: babbansu mai rubuta manhajar, wata yarinya 'yar Sawaba mai zana yadda fuskar manhajar za ta kasance, da wani saurayi ɗan Asante da ke kula da ɓangaren biyan kuɗi. Na zo da takarda cike da buƙatun kwamiti. Muna son manhaja a Play Store da tambarin ƙungiya, da tarihin makaranta, da hotunan malamai, da lokutan salla, da wurin da tsofaffin ɗalibai za su riƙa hira, da tikiti. Babban ya karanta har ƙasa, ya ɗauki biro, ya zagaye kalmar ƙarshe. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan kaɗai za mu yi. Sauran in kin ba mu wata uku mu yi magana."

Raina ya ɗan sosu, don na ɗauka mai biya shi ke faɗa. Amma bayanin da ya yi ya zaunar da ni. Buɗe asusun sa manhaja a Play Store dala 25 ne, sau ɗaya, wannan ba komai. Matsalar ita ce Google ya sa doka ga sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane tun ƙarshen 2023: sai an samu mutane sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a nemi izinin sakinta ga jama'a. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12, amma kwanakin suna nan. Na Apple kuwa dala 99 ne duk shekara, kuma mutum nawa ne a cikinmu ke riƙe da iPhone? Sannan ya faɗi abin da ni kaina na sani: wayoyin mutanenmu a cike suke da bidiyon biki da wa'azi, ba wanda zai goge su don ya sauke manhajar taron yini ɗaya. Saboda haka suka raba aikin gida uku. Mai saye zai danna linki da aka turo masa ta WhatsApp, shafi ya buɗe, ba sai ya sauke komai ba. Masu tsaron ƙofa su ne za su riƙe ainihin manhajar, 'yar ƙarama ta Android, a sa musu ita kai tsaye a wayoyinsu. Ni kuma in samu shafi nawa inda nake ganin kuɗin da ya shigo. Muka yi ciniki a kan sidi 4,500, rabi a take, rabi bayan taro.

In za a tambaye ni abin da ya fi cancantar kuɗin nan, yinin da yarinyar ta yi a shagona ne. Kwana biyu da haɗuwarmu ta zo da safe, ta zauna a kan benci tsakanin dilolin atamfa, da wayarta da littafin rubutu. Ba su rubuta komai na manhajar ba tukuna, zane ne kawai ta haɗa a Figma, irin wanda in ka taɓa maɓalli ya kai ka hoto na gaba kamar da gaske. Duk wadda ta shigo sayen zane, in ta gama, sai ta gaishe ta da ladabi ta ce, "Mma, don Allah ki taimake ni, ki sayi tikiti a nan in gani." Ta miƙa wayar ta rungume hannu, ba ta nuna komai, ba ta gyara kowa, ido kawai. Na ce mata ai ki nuna musu. Ta ce, "Hajiya, ranar da za su saya ba na kusa da su."

Abin da ta kwasa a yinin nan ba a samunsa a ofis. Fuskar farko da ta zana tana neman adireshin imel. Cikin mata tara na farko, biyu ne suka iya tuna nasu. Ta soke shi nan take, suna da lambar waya sun isa. Wata dattijuwa da ke sayen leshin aurar da jikarta ta ga an rubuta 100, ta ɗago ta ce, "Ɗari na wane kuɗin?" Tun 2007 aka canja kuɗi, aka cire sifiri huɗu, amma har gobe akwai iyayenmu da sidi 100 a bakinsu miliyan ɗaya ne. Yarinyar ta rubuta wannan. Sai batun harshe, wanda ni ce na nace a kai. Na ce lallai a rubuta komai da Hausa, taron 'yan Zango ne. Ta zo da zane biyu, na Hausa da na Turanci, gani ya kori ji. Mu nan Kumasi Hausa muke ji, Hausa muke ciniki da ita, muke faɗa da ita, amma ba a koya mana rubuta ta a makarantar boko ba. Matasa sun fi saurin karanta Turancin, suna tsayawa suna haɗa baƙi a kan Hausar. Tsofaffi kuwa idonsu ya saba da rubutun allo, duka biyun ba su yi musu ba. Abin da ta yi a ƙarshe ya burge ni: ta bar rubutun da Turanci gajere, ta sa hoton lasifika babba a saman kowace fuska, in ka taɓa sai murya ta gaya maka da Hausa abin da za ka yi, da farashin a sabon kuɗi da tsoho. Muryata suka ɗauka, a bayan shago, bayan la'asar da hayaniya ta lafa. Saurayin nan ya yi na Twi saboda maƙwabtanmu da ke zuwa kowace shekara. Fuska biyar ta zo da su, uku ta koma da su.

Ɓangaren kuɗi ya fi cin rai. A ƙasar nan in ka ce biya ta waya, MoMo kake nufi, wato asusun kuɗin da ke kan layin wayarka. Tun 2009 MTN ya kawo shi, tun 2018 kuma ake iya turawa daga wannan layi zuwa wancan, don haka mai Telecel Cash da mai AT ba a bar su a baya ba. Yaran ba su bari kuɗin ya bi ta hannunsu ba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali. Sun haɗa mu da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin 'yan kasuwa, irin su Hubtel da Paystack, aka buɗe asusun da takardar rajistar ƙungiya da Ghana Card na shugaba da nawa. Kamfanin yana cire kusan kashi 2 cikin 100 na duk abin da ya shigo. Mun kuma ci sa'a an soke harajin E-Levy, wanda ake cirewa in an tura kuɗi ta waya, a watan Afrilun 2025. Lokacin da aka kawo shi a 2022 na ga yadda mata a kasuwa suka koma ƙulla kuɗi a bakin zane, da yana nan da rabin mutanenmu sun ƙi biya ta waya.

Sai dai akwai wani tsoro da ba haraji ya kawo shi ba. Shekara da shekaru ana gargaɗin mutane kada su sa lambar sirrinsu idan saƙo ya faɗo musu a waya, saboda 'yan damfara. Gargaɗin ya shiga, kuma gaskiya ne. To ga mu mun zo muna cewa danna nan, saƙo zai faɗo, ka sa lambar sirrinka. Mataimakin shugabanmu da kansa ya ƙi. Ya ce, "Hajiya, abin da ake hana mu a masallaci shi za ki sa ni?" Wasu kuma saƙon yakan fito, kafin su laluba tabarau ya ɓace, su ɗauka kuɗin ya tafi. Saurayin ya ƙara fuska guda da ke nuna yadda za ka danna *170# ka nemo biyan da ke jiran amincewarka, muryar kuma tana jaddada cewa ba wanda zai kira ka daga ƙungiya ya tambayi lambarka. Ya taimaka, amma bai kawar da tsoron ba. Abin da ya warware shi wakilai ne. Muka zaɓi mutum huɗu da kowa ya yarda da su, mai kanti a Aboabo, mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci, tela a Akwatia Line, da ni. Ka kawo kuɗinka a hannu, wakili ya shigar da sunanka da lambarka, tikiti ya faɗo wayarka kana tsaye. Kowane dare su kawo mini kuɗin, in duba shafina in ga ko ya yi daidai da abin da kowannensu ya fitar. Bai taɓa saɓawa ba, ko da sidi ɗaya.

Ga ƙorafina na farko. Tikitin da suka tsara hoto ne mai murabba'i, wanda ake kira QR, irin wanda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun kayan mota. Yana da kyau ga mai babbar waya. A rana ta tara, da muka tara mutum goma sha biyar a harabar makaranta don gwaji, mahaifiyar shugabanmu ta kwance bakin mayafinta ta fito da 'yar wayarta mai maɓalli, wadda ake ce wa yam. Ta miƙa wa babban nasu ta ce, "Ɗana, sa mini nawa a nan." Ya yi shiru. Su ukun ba wanda ya yi tunanin wannan wayar, alhali duk wanda ya taɓa zama a Zango ya san rabin iyayenmu ita suke riƙewa. Sun gyara cikin kwana biyu, suka sa kowane tikiti ya zo da lamba shida ta saƙon tes, mai ƙofa ya buga ta da hannu. Gyaran ya yi kyau. Amma sun caje mu ƙarin sidi 600 a kan cewa sabon aiki ne, ni kuwa har yau ina ganin gyaran mantuwarsu ne. Na biya don lokaci ya ƙure, na kuma gaya musu ban ji daɗi ba.

Washegarin Sallah muka saki linkin, ranar da suka yi alkawari, ba su ƙara ko awa ɗaya ba. Kujera 400 muka tanada, 340 a kan sidi 100, 60 na teburan gaba a kan 250. Na gaban suka ƙare cikin kwana huɗu. Ina suyar naman layya wayata tana gefe, lokaci-lokaci in goge hannu in leƙa in ga lamba ta hau. A ƙarshe mun sayar da 391, 248 ta linki, 143 ta hannun wakilai. Wannan 143 ɗin su nake so duk mai shirin yin irin wannan ya riƙe a ransa.

Ranar walima aka tashi da hadari, damina ce. Ruwa ya sauko wajen ƙarfe uku, ya tsagaita kafin biyar, sai mutane suka taho gaba ɗaya kamar an buɗe musu ƙofa, pragya, keken haya mai ƙafa uku, na sauke wasu, wasu na tsallake taɓo da ƙafa. A nan na ga amfanin wata dabara da babban ya yi mini bayani tun farko ban ba ta muhimmanci ba. Ya ce inda mutum ɗari huɗu suka taru, kowa na ɗaukar bidiyo yana turawa, intanet yakan yi nauyi, don haka manhajar ƙofa ba za ta dogara da shi ba. Tun da rana kowace waya ta sauke sunayen duk masu tikiti ta ajiye a cikinta. Haka kuwa aka yi, wajen ƙarfe biyar da rabi ko saƙon WhatsApp ba ya fita a filin, amma ƙofa ba ta tsaya ba. A haska hoton, wayar ta yi ƙara, fuska ta yi kore da sunan mutum, ya wuce. Na tsaya a ƙofar mata ina kallon agogo, kafin in ƙirga biyar an sallami mace. An ɗauke wuta kafin magariba, janareta ya ɗauki lasifika da fitilu, wayoyin ƙofa kuwa kowace da fawa bank ɗinta a aljihun mai riƙe da ita, su suka ce mu tanada.

Wata Hajiya ta zo da waya fuskarta a tsattsage kamar yanar gizo-gizo, hoton ya ƙi karantuwa. Yarinyar da ke ƙofa, ɗalibarmu ce 'yar shekara goma sha bakwai da aka koya wa aikin a awa ɗaya, ta ce, "Mma, mene ne sunanki?" Ta buga haruffa uku, sunan ya fito, ta tambaye ta ƙarshen lambar wayarta, ya dace, ta shiga. Mahaifiyar shugaba ta zo da yam ɗinta, jikanta ya karanto lamba shida, kore. Ta dubi yarinyar ta ce Allah ya yi miki albarka. Da na tuna inda take zaune bara da kwanon da bai iso gare ta ba, sai da na juya baya na share ido.

An samu mai gwada sa'a, mutum uku. Sun karɓi hoton tikitin wani ta WhatsApp. Fuska ta yi ja, ta nuna an riga an shiga da wannan tikiti ƙarfe biyar da minti goma sha biyu. Ba gardama, ba tashin murya, suka juya. Wanda ya fi ba mu aiki wani Alhaji ne mai mutunci da ya sayi goma don iyalinsa, ya ɗauki hoton na farko ya tura wa duka goman, shi a ganinsa ai rasit ɗaya ne. Babban ya nemo sunansa, sauran tara na nan ba a taɓa ba, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya yana ba shi haƙuri. Wannan ba laifin Alhaji ba ne, saƙon da ya je masa bai ce kowane mutum da nasa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, don ya taɓa mutuncin mutane. Muna da ƙofa biyu, ta maza da ta mata. Tunda wayoyin ba sa magana da juna in babu intanet, wanda aka haska a wannan ƙofa zai iya sake shiga ta waccan. Maganin da suka yi shi ne kowane tikiti a ɗaure shi da ƙofa ɗaya tun wurin saye, mai saye ya zaɓi na maza ko na mata. Dabara ce mai kyau. Amma sun bar zaɓin a kan maza tun kafin mutum ya taɓa komai, wanda bai lura ba ya wuce haka. Magidanta da yawa sun saya wa matansu ba su canja ba. Mata ashirin da shida suka iso ƙofarmu wayar ta ce ba nan ba. Ka duba, mace ta yi kwalliyar Sallah, ta biya kuɗinta, a tsayar da ita a gefe cikin taɓo mutane na wucewa suna kallo. Wata ta ce mini, "Yaya, ni za a mayar ɓarauniya?" Ban san abin da zan ce mata ba. Babban ya rugo, ya karɓo wayar ƙofar maza guda ya tsaya da ita a wajenmu har aka gama da su, abin ya ɗauki kusan minti ashirin. Ya amsa laifin a gaban mutane, bai ɗora wa kowa ba, kuma wannan ya rage zafin. Amma da sun sake kawo abin shagona bayan sun ƙara wannan zaɓin, da an gano shi a yini ɗaya. Gwajin farko sun yi shi da natsuwa, abubuwan da suka ƙara daga baya cikin gaggawa ba wanda ya gwada su a hannun mutane.

Kafin a yi addu'ar tashi na hau gaba da takarda ɗaya. Tikiti 391, sidi 48,100, mutum 384 suka shigo, bakwai ba su zo ba. Na karanta a gaban Malam da iyaye, abin da ban taɓa iya yi a daren taro ba, da sai bayan mako biyu ina bin masu littafin tikiti gida-gida. Abinci ya kai layin ƙarshe har aka ɗiba wa almajirai.

Abu ɗaya da ya kamata su gaya mini tun farko: kuɗin da aka biya ta linki ba ya faɗowa asusunka a take, kamfanin yakan tara ya turo a ranar aiki. Abin da aka saya Juma'a da Asabar bai iso ba sai da mako ya shiga, mai abinci kuwa na yi mata alkawarin cikon kuɗinta daren taro. Na cire daga jarin shago na ba ta.

Bayan taro ne na ga rauninsu na gaske. Da na biya rabin da ya saura, samunsu ya zama aiki. Ba mugunta ba ce, sun shiga wani aikin ne, su uku kacal. Amma akwai abubuwa biyu da suka rage a hannunsu. Na ɗaya, sunaye da lambobin wayar mutum kusan ɗari huɗu, yawancinsu matan aure da tsofaffi, amana ce a wuyana. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma ko babu doka ba zan so gobe wani ya kira Hajiya wance ya ce daga ƙungiya yake ba. Na ce su ba ni kwafi su goge nasu. Sai da na kira sau biyar cikin mako uku, a ƙarshe na hau mota na je Ayeduase, aka goge ina tsaye. Na biyu, ashe wurin da aka ajiye manhajar a intanet da imel ɗin babban aka buɗe shi. Da ya yi tafiya ko mun ɓata, abin da muka biya ya tafi da shi. Bai yi musu ba, ya mayar da shi sunan ƙungiya a ranar, ya ce mantuwa ce, na kuma yarda. Duk wanda zai je wurinsu, ko wurin wasu irinsu, ya sa waɗannan biyun a takardar yarjejeniya kafin ya ba da ko pesewa.

Game da ko kuɗin ya biya, ga lissafin. Aiki 4,500, ƙarin 600, kuɗin saƙonnin tes da abin da kamfanin karɓar kuɗi ya cire, duka ya tasam ma sidi 6,000. Bara mutum 68 suka ci ba su biya ƙungiya ba, wato 5,440, ban da kuɗin buga takarda. Ke nan a shekarar farko kusan an tashi babu ci babu asara. Ribar tana shekara mai zuwa, tunda manhajar tamu ce, canja rana da farashi kawai za a yi, sun ce wannan sidi 500 ne. Saboda haka na gaya wa matan Sawaba, da taronsu bai wuce mutum tamanin ba kuma duk sun san juna, su riƙe littafinsu da biro, wannan kuɗin ya fi amfani a tukunya. Masu ƙwallon Asawase kuwa na ce su je, don ƙofarsu ta fi tamu cunkoso kuma gasar kwana da kwanaki ce, amma su je da wuri, su kuma nace yarinyar ta yini a bakin filinsu kamar yadda ta yini a shagona, sau biyu, farko da ƙarshe.

Mu dai kwamiti ya amince mu sake aiki da su. Na riga na rubuta musu abin da nake so a gyara: kada a zaɓa wa kowa ƙofa, sai ya taɓa da hannunsa, wanda ya sayi fiye da ɗaya murya ta gaya masa kowa da nasa, kuma a ƙara wakili a Sabon Zango da wani a Tafo, don mutanen can sun yi ƙorafin nisa. Mun sa ranar zama da su a watan Sha'aban. Kwanon rufi kuwa an sauke bandir huɗu a harabar makaranta ranar Laraba, kafinta ya ce in ruwa ya ɗaga zai fara da ajin yara ƙanana, inda ya fi yoyo.